Ɗumama Gida Lokacin Sanyi: Tambayoyi da Amsoshi ga Mazauna Legas da Matafiyansu

Mutumin Legas ba ya sanin sanyi sai ya bar Legas. Shi ya sa tambayoyin nan suka fi fitowa daga masu kai iyali gida Arewa hutun ƙarshen shekara, da iyayen da 'ya'yansu ke karatu ko aiki a Turai, da 'yan kasuwar da ke zuwa saro kaya Sin. Akwai kuma masu kwana a shago ko bakin gadi a nan cikin gari.

Wai har ana sanyi a Legas da za a yi maganar ɗumama ɗaki?

Ba a yin irin na Kano ko Jos. Ko a tsakiyar hunturu, wato Disamba da Janairu, da wuya zafin dare ya sauka ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, domin teku na riƙe ɗumi. Wanda ke kwana cikin ɗaki mai ƙofa da taga, zanin rufa mai ɗan kauri ya ishe shi, sayen hita asarar kuɗi ce.

Masu shan wahala su ne masu kwana a fili ko kan siminti: masu gadi, 'yan dako a Mile 12, masu kwana a rumfa a kwatar Agege. Su ma sanyin da ke damunsu ya fi yawa a damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da tufafi ke jiƙewa iska kuma na kaɗawa. Maganin farko shi ne raba jiki da ƙasa. Siminti na zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda iska ke yi, don haka kwali ninki biyu ko uku a ƙarƙashin tabarma ya fi ƙarin bargo a sama amfani. Na biyu, kada a kwanta da jiƙaƙƙiyar riga.

Ɗumi nawa ne ya isa a ɗakin kwana?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa digiri 18 a matsayin mafi ƙarancin ɗumin da ya dace a cikin gida lokacin sanyi. Tsofaffi, ƙananan yara da masu asma, hawan jini ko ciwon zuciya sun fi son 20 zuwa 21. Sanyi na matse jijiyoyin jini, jini ya hau, don haka bai kamata a bar dattijo mai hawan jini ya kwana yana makyarkyata da sunan juriya ba. Ƙaramin ma'aunin zafi na rataye wa a bango ba shi da tsada, kuma ya fi dogaro da abin da jiki ya ji, domin jikin da ya saba da Legas ko digiri 22 sanyi yake ce masa.

Za mu kai yara gida Arewa a Disamba. Me za mu yi wa ɗakin da za su kwana?

A Kano da Katsina zafin dare a Janairu kan sauka wajen digiri 13, a Jos kuwa, da take kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, yakan yi ƙasa da 10 a wasu darare. Kafin a yi tunanin kawo zafi cikin ɗaki, a fara tare hanyoyin da yake gudu. Da dare a jiƙa bayan hannu a bi gefen ƙofa da taga, inda aka ji iska na hurowa nan ne ɓarakar. Ƙasan ƙofa a naɗe tsohon zani a tare shi. Tagar luba, mai gilasai jere, ba ta rufuwa ruf, sai a manna mata leda mai kauri daga ciki a saki labule mai nauyi wanda ya kai ƙasa.

Sai rufi. Ɗakin kwano marar silin shi ne mafi sanyi da asuba, domin iska mai ɗumi sama take yi, kwano kuma ba ya riƙe komai. In ba halin sa silin, ko tabarmi ko buhunan da aka ɗinke aka ɗaure ƙarƙashin kwanon suna rage sanyin, sai dai a nisanta su da wayar lantarki da ƙwan fitila. In a gidan akwai tsohon ɗakin ƙasa mai rufin soro, a ba yara da tsofaffi shi. Katangar laka mai kauri tana shan rana wuni guda, ta riƙa sakin ɗumin a hankali har gari ya waye, abin da bulon siminti mai rami ba ya iyawa.

Da hantsi a buɗe labulen ɓangaren da rana ke bugawa, a rufe tun kafin magariba. A shimfiɗa darduma ko kafet a kan tayil. Abu ɗaya dai: ɗakin da aka toshe haka bai kamata wuta ko garwashi ya shige shi ba, kuma dalilin na cikin amsa ta gaba.

Kakanninmu da kaskon wuta suka yi ta kwana ba abin da ya same su. Mene ne laifin gawayi yanzu?

Gawayin bai canza ba, ɗakin ne ya canza. Ɗakin jinka da asabari a bakin ƙofa iska na ratsa shi ta ko'ina. Ɗakin yau kuwa ƙofar ƙarfe ce, tagar alminiyom, silin a shafe, ga kuma tsumman da aka cusa ƙasan ƙofa. Duk abin da ke ci da wuta a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba mai suna kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jini ya riƙa zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata ba. Mai barci ba ya farkawa ya gudu, barcin ne ke ƙara nauyi.

Kuskuren da ya fi kashe mutane shi ne cewa in gawayi ya ruru ya zama jan garwashi, hayaƙi ya ɗauke, to an tsira. Ba haka ba ne. Garwashin da ba ya hayaƙi, musamman wanda aka lulluɓe da toka don ya kai asuba, yana ci gaba da fitar da gubar. Ɗan buɗe taga ma ba abin dogaro ba ne, iska na iya tsayawa cik da tsakar dare. A ji ɗumi a tsakar gida ko a buɗaɗɗen zaure, in an tashi kwanciya a bar kasko ko kurfoti a waje. Hukuncin risho da murhun gas ɗaya ne: na girki ne, ba na ɗumama ɗaki ba.

Mazauna Legas sun san wannan gubar ta wata ƙofar, wato janareta. Ita ce dai ke hallaka iyali guda a dare ɗaya idan aka shigo da janareta baranda ko lungun gida don tsoron ɓarayi ko ruwan sama. A ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa da aƙalla mita 6, bututun hayaƙin na kallon waje.

Yaya ake gane gubar ta kama mutum, kuma me za a yi?

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ruɗewa. Da yake sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro, mutane kan sha magani su koma su kwanta a ɗakin da ke kashe su. Abin lura biyu ne: mutum fiye da ɗaya a ɗaki guda sun kamu lokaci ɗaya, kuma in an fita waje ana jin sauƙi. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa fili nan take, a nufi asibitin da ke da iskar oksijin ko da mutum ya ce ya warware, balle mai juna biyu. A Legas lambobin gaggawa 112 ne da 767. Madara da manja ba sa cire wannan guba daga jini, kuma ɗura wa wanda ya suma wani abu a baki na iya shaƙe shi.

Wace hitar lantarki ce ta fi, kuma nawa take ci?

Wajen cin wuta duk ɗaya suke: yuniti guda na lantarki zafi guda yake bayarwa, ko hitar ta dubu goma ce ko ta dubu ɗari. Bambancin na wajen yadda suke sakin zafin. Mai fanka na ɗumama ƙaramin ɗaki da sauri, amma tana da ƙara, kuma da an kashe ta ɗaki ya huce. Mai jan ƙarfe, wadda ke haske, abin da ke gabanta kawai take gasawa, ta dace da mai zaune wuri ɗaya, ita ce kuma mafi saurin tada gobara. Mai mai a ciki, mai kama da jerin faranti, tana jinkirin ɗaukar zafi tana jinkirin hucewa, ita ta fi dacewa da ɗakin kwana.

Lissafin ba wuya. Hita mai wat 2,000 tana cin yuniti 2 a awa. Awa 5 a dare yuniti 10 ke nan. A farashin naira 225 da aka sa wa rukunin Band A a watan Afrilun 2024, wannan naira 2,250 ne a dare guda, sama da 67,000 a wata. Kowa ya sa farashin da ke kan rasit ɗinsa ya buga. Ƙaramin janareta mai wat ƙasa da 1,000 ba zai ɗauke ta ba, batirin infata guda kuwa cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka za ta tsotse shi.

A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ba a kan doguwar wayar ƙari ba, domin siririyar waya na zafi ta narke. A bar tazarar mita ɗaya tsakaninta da katifa, labule da gidan sauro. Ba a shanya kaya a kanta. In an taɓa filogi aka ji ya yi zafi, a kashe a nemo mai gyaran wuta.

Ba wuta, ba hita, an kuma hana gawayi. To da me za a kwana?

Da ɗumama jiki da gado maimakon ɗaki duka. Riguna marasa nauyi biyu ko uku sun fi ƙatuwa guda ɗaya, saboda iskar da ke maƙale tsakaninsu ita ce ke tare sanyi. A sa safa da hula. Bargo ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Jakar roba ta ruwan zafi na ɗumama gado awanni: a bar tafasasshen ruwa ya ɗan huce, a cika kashi biyu cikin uku, a matse iskar, a ɗaure murfin sosai, a naɗe da zani. Robar na tsufa, bayan shekara biyu zuwa uku a sake wata. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi sosai ya sa ta a gado kafin ya kwanta, sannan ya cire, don yakan ƙone bai sani ba. Kunu ko shayi mai zafi kafin kwanciya na taimakawa, kwana da yunwa kuma na ƙara jin sanyi.

Jariri da mai jego fa?

Sabon haihuwa na rasa ɗumi da sauri. A jinkirta wankan farko har awa 24, a sa masa hula da riga ɗaya ko biyu fiye da abin da babba ya sa. Ga bakwaini da mai ƙarancin nauyi, babu abin da ya kai a ɗora shi a ƙirjin uwa, fata na taɓa fata, a rufe su tare. Ana auna ɗuminsa da taɓa ƙirji ko ƙeya, ba hannu ko ƙafa ba. In ƙeya na gumi a rage kaya. Kada bargo ya rufe fuska, kada jakar ruwan zafi ta shiga shimfiɗarsa.

Ɗakin mai jego shi ne wanda aka fi kai wa garwashi, kuma jariri ya fi babba saurin kamuwa da gubar da aka bayyana a amsar gawayi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da haɗuwar wankan ruwa mai tsananin zafi, kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, take haki, ko ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, asibiti za a kai ta a ranar.

Ɗana ya kama haya a Ingila, ya ce akwai na'urar ɗumama gida amma bai gane kanta ba. Yaya take aiki?

Hajiya, ki ce masa abubuwa huɗu ne. Akwai boila, tukunyar da ke ƙona gas ta dafa ruwa, yawanci a kicin ko cikin wani kabad. Famfo na tura ruwan ta bututu zuwa radiyeta, faffaɗan ƙarfen da ke jikin bango a kowane ɗaki, aikinta irin na lagireton mota ne, sai dai a nan zafin ake so. Akwai tamostat a bango, inda ake zaɓar digirin da ake so, da ya kai sai boila ta tsaya da kanta. Sai agogon da ake saita wa lokacin kunnawa da kashewa.

Sababbin zuwa kan murɗa tamostat zuwa 30 don ɗaki ya yi saurin ɗumi. Ba ya ƙara sauri ko kaɗan, sai dai ya hana boila tsayawa, kuɗi ya yi ta tafiya. Ya sa tsakanin 18 da 21. Murfin da ke gindin kowace radiyeta mai lamba 1 zuwa 5 shi ma ma'auni ne na ɗakin: 3 na nufin wajen digiri 20. Ɗakin da ba a shiga a bar shi a 1 ko 2 a rufe ƙofa. Ya saita agogo ya kunna rabin awa kafin ya tashi sallar asuba, ya kashe in zai fita. Kada ya jingina kujera ko gado da radiyeta, kada labule ya rufe ta.

Radiyeta ta yi zafi a ƙasa, sama kuma sanyi. Wani lokaci boilar ma ta ƙi tashi.

Sanyi a sama iska ce ta taru. A kashe na'urar a bari ta huce. A saman radiyeta ta gefe akwai ɗan bawul mai kusurwa huɗu, ana buɗe shi da wani ƙaramin makulli da ake sayarwa a shagon kayan gini. A tara tsumma, a murɗa hagu kamar rubu'in zagaye, za a ji iska na fita da huci. Da ruwa ya fara fitowa a ɗaure. In kuwa ƙasan ne ke sanyi sama na zafi, tsatsa da laka ne suka kwanta, wannan aikin ma'aikaci ne.

Bayan fitar da iska a duba agogon matsin ruwa a gaban boila. In tana a huce, allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗi ƙasa da 1 boila kan ƙi tashi, sai a ƙara ruwa ta ɗan bututun cikawa da ke ƙarƙashinta, a hankali, a rufe da ta kai. In matsin na yawan faɗuwa, akwai yoyo. Sauran dalilan da aka fi gani: kuɗin mita ya ƙare, batirin tamostat ya mutu, ko kuma a daren ƙanƙara farin bututun roba da ke fitar da ruwa waje ya daskare, wanda ake narkarwa da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Iyakar abin da ɗan haya zai taɓa ke nan. Buɗe cikin boila sai ma'aikacin da ke da rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas a ƙasar, kuma doka ta ɗora wa mai gida binciken gas sau ɗaya kowace shekara. In aka ji warin gas, a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin wuta, a fita a kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999. Ya tabbatar akwai ƙararrawar kabon monoksayid kusa da boila, ya danna maɓallinta ya ji tana kuka.

Zai zo Legas hutun Disamba. Ya kashe komai don kada a ci kuɗi?

A'a. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya fasa bututu, ranar da ya narke kuma ya cika gida har na maƙwabcin ƙasa. Ya bar tamostat wajen digiri 12, ya tabbatar akwai isasshen kuɗi a mita, ya rufe babban famfon da ke shigo da ruwa gidan, wanda galibi ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin.

Tagogi na zubar da ruwa da safe, bango ya yi baƙi-baƙi. Daga ina?

Daga cikin gidan. Numfashi, wanka, shanya, da girkinmu mai daɗewa a wuta, tuwo da wake da farfesu, duk tururi ne. In ya taɓa gilashi ko bango mai sanyi sai ya koma ruwa, fumfuna ta samu wurin zama, ita kuma tana tada asma da tari, musamman ga yara. Wanki ɗaya da aka shanya a ɗaki na iya sakin kusan lita 2 na ruwa. A rufe tukunya, a kunna fankar zuƙe tururi a kicin da banɗaki, a buɗe tagogi gaba ɗaya na minti 5 zuwa 10 kowace safiya sannan a rufe. Wannan ya fi barin taga a ɗan buɗe wuni guda, domin iska na sauyawa kafin bango ya huce. A goge raɓar taga kullum, a janye kabad daga bango kamar faɗin tafin hannu.

A hunturun Arewa matsalar akasin haka ce, bushewa: haɓo, faso, kaushi. A can shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗaki alheri ne, tare da man kaɗanya ko basilin.

Ina zuwa Sin saro kaya a Janairu. An ce can ba a ɗumama gidaje?

Ya danganta da garin. Arewacin ƙasar, daga layin kogin Huai da duwatsun Qinling zuwa sama, ana turo zafi gidaje ta bututu daga tashoshin gari, a Beijin daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris. Guangzhou da Yiwu, inda 'yan kasuwarmu suka fi sauka, suna kudu da layin, babu wannan tsari. Guangzhou da sauƙi, amma Yiwu kan kusanci daskarewa, ga danshi mai shiga ƙashi.

Abin dogaro a can shi ne na'urar sanyaya ɗaki, domin yawancinsu suna juyawa su hura zafi, ba kamar galibin waɗanda ake sayarwa a Legas ba. A rimot a nemi alamar rana, a sa 20 zuwa 22, a karkatar da bakin iskar ƙasa. Takan yi minti uku zuwa biyar shiru kafin ta fara hurowa, takan kuma tsaya jefi-jefi don narkar da ƙanƙarar da ta kama injin waje, duk ba lalacewa ba ne. Da yake jawo zafi take daga waje maimakon ƙirƙirarsa, yuniti ɗaya kan ba da zafin kusan yuniti uku, ta fi hitar da aka yi lissafinta a sama araha nesa ba kusa ba. Kafin ka biya kuɗin masauki, Alhaji, ka sa a kunna ta a gabanka ka ji iska mai ɗumi ta fito, ka kuma leƙa banɗaki: in tukunyar ruwan wanka ta gas ce, ka ga bututun hayaƙinta ya fita waje.